Dalar Malam a Ɗakin Ƙasa

Hajiya ce ta kira ni wata Alhamis da yamma, ina tsaye cikin jirgin Metro a hanyata ta komawa gida Hyattsville. Sai da ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, sannan ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ka zo ranar Asabar ka ga abin da malaminka yake yi mana a ƙarƙashin gida. Ni dai na gaji, kuma tsoro nake ji." Na ce lafiya dai ko, Hajiya? Ta ce, "Kabarin Fir'auna yake ginawa, daidai ƙasan inda nake salla." Na so in yi dariya, amma na ji muryarta ba ta wasa ba ce.

Malam, mijinta, shi ya koya min lissafin gini a jami'a can gida, tun ina saurayi mai dogon wuya. Ya riga ni zuwa Amurka da shekaru, ya yi aikin injiniya har ya yi ritaya, kuma shi ya tsaya min da na zo, har na samu aikin da nake yi yanzu na duba lafiyar gine-gine a Washington. Gidansa yana Mitchellville, a ƙarshen wani layi, bayansa gangare ne da ke sauka zuwa wani ɗan rafi cikin bishiyoyi. Duk wanda ya taɓa cin tuwon salla a gidan ya san labarin yadda Malam ya duba shi da kansa kafin ya saya, ya yi kwana biyu yana ƙwanƙwasa bango har dillalin ya ƙosa. Ni na ji labarin ya fi sau ashirin. Ina ƙaunar mutumin nan, amma in faɗi gaskiya, na kai hamsin da furfurata, har lokacin in ya yi min tambaya sai ya jira amsa yana kallona ta saman tabarau kamar zai ba ni maki. Abin yana ci min rai, ban kuwa taɓa nuna masa ba.

Ranar Asabar na isa bayan azahar da na'urar awo a bayan mota, domin 'yarsu ta turo min saƙo in taho da ita. 'Yar tasu likita ce, a nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take mayarwa. Na tarar da ita da Hajiya a kicin, suka zaunar da ni tun ban ga Malam ba, suka shiga jero min abubuwa.

Hajiya ta ce ƙofar sito tana buɗe kanta. A rufe ta da kyau, a juya baya, sai a ji tana buɗewa a hankali kamar wani ne yake leƙowa. Ta ajiye ƙwai a kan tebur ya gangara da kansa ya fashe a ƙasa. Wajen la'asar kuma akan ji wani abu ya ce ƙas a cikin bango, sau ɗaya, shi ke nan. Ta kawo malamai uku daga masallaci sun yi karatu a gidan, an yi hayaƙi, ƙofar ba ta fasa ba. A ganinta duk wannan ya faro ne tun da Malam ya fara gininsa a ƙasa, kuma ta gaya masa tun farko ba a shigo da kabarin azzalumi gidan da ake salla.

Damuwar Likita daban ce. Ta ce babanta ya fara mantuwa. Sau biyu yana saka babbar riga ya tafi masallacin Juma'a ranar Alhamis. Yanzu kuma ya kafe a kan cewa gidan yana tafiya, yana wuni a ƙasa yana shafa wa bango filasta da hannu yana rubuta kwanan wata. Tana so ta kai shi a duba ƙwaƙwalwarsa, ta karɓe makullin mota, ta ɗauke su duka biyu su koma wurinta a cikin Washington. Ya ƙi. Amma ya ba ta sharaɗi ɗaya, cewa a kira ɗalibinsa ya auna. In na ce gidan yana motsi, a ƙyale shi da gidansa da hankalinsa. In na ce ba ya motsi, zai bi ta ba musu, ya yarda kansa ne ya taɓu. Ta dube ni ta ce da Turanci, kawu, kai kaɗai zai saurara. Na ji nauyin maganar, amma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinta ma.

Ɗakin ƙasa, wanda a nan kowa yake ce wa besmen, yana da 'yar taga ɗaya can kusa da rufi, sai ƙwan fitila guda. Ina sauka sanyi ya tare ni da warin danshi. Malam yana durƙushe cikin tsohuwar jallabiya, hannayensa fari fat. Na rusuna na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba, ya ce, "Injiniya, zo ka ga manyanmu."

A tsakiyar ɗakin dala ce irin ta Masar, tsayinta ya kai ƙirjina. Da kansa ya zuba ƙananan bulo na filasta, ɗaruruwa, ya jera su sahu-sahu, ya bar gefe ɗaya a buɗe yadda mutum zai ga cikinta. Ga siririyar hanya mai hawa, ga ɗaki can tsakiya da ɗan akwatin gawa babu kowa a ciki. Nan na ga dalilin tsoron Hajiya. Aikin ya yi kyau fiye da yadda ya kamata abin wasa ya yi, har na ji ba na son in juya masa baya.

Ya ce ya taɓa biyawa ta Masar bayan wata umara, ya shiga babbar dalar a sunkuye har ɗakin sarkin. "Ba Fir'auna na je gani ba, shi Allah ya riga ya gama da shi. Magina na je gaisarwa." Da ya yi ritaya ya rasa abin yi, sai ya ce bari ya gwada gina ƙarama da irin kayan aikinsu kaɗai, igiya da sanda da ruwa.

Ya nuna min wata 'yar kwata da ya zagaye dalar da ita, cike da ruwa, da sanda a kafe a kowace kusurwa. "Wasu masana suna ganin haka suka daidaita harsashinsu. Su haƙa kwata su cika ta da ruwa, duk inda fuskar ruwan ta tsaya su yi alama, sai su sassaƙe dutse ya bi alamar. Ranar da na fara, na tsaga wa sandunan nan huɗu alama daidai fuskar ruwa. Dubi yanzu." Na sunkuya. A sandunan gaba ruwan yana ƙasa da alama. A na baya, ta wajen rafi, ya shanye ta. Bambancin bai kai faɗin farce ba, amma akwai shi.

"Ruwa ba ya karkata, Injiniya," in ji shi. "In ka ga ya karkata, abin da ke ɗauke da shi ne."

Na ce ƙila sandunan ne suka sha ruwa suka goce. Ya dube ni ta saman tabarau, raina ya sosu nan take.

Ya ja ni zuwa bangon baya. Akwai wata siririyar tsaga da ta taso daga ƙasa ta yi sama a karkace, irin wadda nake gani a gidajen mutane kusan kullum. A kanta ya yi shafe-shafen filasta, kowanne faɗin tafin hannu, da shatin yatsunsa a jiki, da kwanan wata da fensir a gefe. Na ƙirga goma sha biyu.

"A ɗakin sarkin can Masar," ya ce, "rufin azarori ne na jan dutse, kowace ɗaya sai ka ce tirela da kayanta. Sun tsage, ga alama tun masu ginin suna raye. Sai wani ya hau ya shafa filasta a kan tsagar, har yau tana nan. Kana ganin bai san filasta ba za ta riƙe wannan dutse ba? Ya sani mana. Ni a fahimtata tambayar dutsen yake yi, ka tsaya ne ko kana tafiya? In filastar ta fashe, ya samu amsa. Ina yawan tunanin mutumin nan. Shi kaɗai da 'yar fitilarsa, ga duwatsun duniya a kansa, ya koma bayan kwanaki ya duba, bai san abin da zai tarar ba."

Uku daga cikin tsofaffin shafen suna da tsaga siririya kamar gashi. Na ce a raina ai filasta takan yi haka in ta bushe.

"Akwai wata dalar da suka gina kafin babbar," ya ci gaba, "a kan ƙasa mai taushi. Suna tsakiyar aiki ta fara tsagewa, suka sassauta miƙewarta daga rabi, shi ya sa har yau take a lanƙwashe. Sun bar kuskurensu a fili kowa ya gani." Ya goge hannu a jallabiya. "Yankin nan akwai wani yumɓu a ƙasa, mai kumbura in ya sha ruwa, ya tsuke in ya bushe. Da zan sayi gidan nan na duba bango na duba rufi, ban tona ƙasa ba. Kuskurena ne."

Shekara talatin da sanina da shi, ban taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba. Maimakon ta sa in buɗe kunne, sai ta tsorata ni. Na ce a raina lallai wannan ba Malam ɗin da na sani ba ne.

A daidai lokacin abin ya ce ƙas. Ba wata ƙara ce mai yawa ba, kamar a karya tsinken tsintsiya, amma daga cikin bangon ta fito, dab da kafaɗata. Tsikar jikina ta tashi. Malam ya ɗora tafinsa a bangon yadda uwa take taɓa goshin ɗa mai zazzaɓi, ya rufe ido. Na ce bututun ruwan zafi ne. Ya ce babu bututu a wannan bangon. Muka kasa kunne. Fuskar ruwan kwatar tana ɗan rawa, ko kuwa idona ne, har yau ban sani ba.

Sai ya buɗe ido ya ce, "Ya jikin Inna? Kana yi mata waya kuwa?"

Mahaifiyata ta rasu shekara biyu kafin wannan rana. Malam ne ya ja addu'a a falona ranar uku, shi ya riƙe ni yana ba ni haƙuri. Na ce, "Da sauƙi, Malam." A nan na yanke hukunci, tun ban buɗe akwatin na'ura ba.

Na kafa na'urar leza a kan ƙafafunta uku, jan layinta ya zagaye ɗakin ya ratsa dalar ta tsakiya. Cikin minti goma sha biyar na auna kusurwa huɗu. Bayan ɗakin ya ɗan fi gabansa sauka, amma bai wuce abin da ake yafe wa tsohon gida ba. Sai dai ko ɗan aji biyu ya san awo ɗaya ba ya gaya maka ko abu yana motsi, inda yake a yau kawai yake gaya maka. Dole ka dawo ka sake, ka kwatanta. Malam ne ya koya min haka, kuma ya maimaita min a wurin, ya ce, "Ka yi alama a bango, ka dawo bayan wata uku." Na ce in sha Allahu, irin wadda ake yi wa mai talla don ya wuce.

Ya miƙo min wani littafin rubutu mai baƙin bango, ya ce duk awonsa yana ciki, in duba masa lissafin. Na karɓa da hannu biyu, ban buɗe ba. Na gaya wa kaina ladabi ne, ƙarami ba ya bin lissafin malaminsa da jan biro. Gaskiyar ita ce tsoro nake in buɗe in ga shirme cikin rubutun hannun da na sani. Daga baya na cusa shi a aljihun ƙofar mota, can ya zauna.

Da na hau sama, Likita ta tare ni a bakin kicin ta ce, to, yana motsi ko ba ya motsi? Amsar gaskiya ita ce ban sani ba tukuna. Amma mata biyu sun zuba min ido, ɗaya idonta ya yi ja, ga maganar Inna tana ci na, kuma akwai wani abu a raina da yake so ko sau ɗaya a rayuwa maganata ta hau kan ta Malam. Na ce, "Gidan lafiya lau yake." Hajiya ta ce alhamdu lillahi, sai kuma ta fashe da kuka, domin ta gane abin da hakan yake nufi ga mijinta.

Da na waiga, Malam yana tsaye a tsakiyar matakala, ya dafa bango da farin hannunsa. Bai ce min ƙarya nake ba. Ya ce, "Ka auna da kyau?" Na ce, "Na auna, Malam." Ya gyaɗa kai ya ce, "To shi ke nan," ya wuce ya wanke hannu.

A watan Agusta aka yi wannan. Kafin Satumba ta ƙare sun koma wurin Likita, hawa na tara a wani dogon gini a arewa maso yammacin Washington. Har da ni a masu ɗaukar kaya. Asibiti suka ce lallai akwai farkon ciwon mantuwa, suka ɗora shi a kan magani. Aka kulle ɗakin ƙasa, aka kulle gidan. Cikin watannin sanyi sau biyu kawai na je gaishe shi, ina zama ina duba agogo. A wurin aiki kuwa kusan kowane mako sai na manna wa bangon wani 'yar robar awon tsaga, wadda aikinta ɗaya da filastar Malam, in rubuta kwanan wata, in ce wa mai gidan zan dawo bayan wata uku. Kuma ina komawa. Matata ta taɓa tambayata ko na koma na Malam, na ce mata ta bar maganar aikin da ba ta sani ba, muka wuni ba ma magana.

Ƙanƙara ta sauka ta narke, sannan aka shiga ruwan sama na makonni. A watan Mayu Likita ta kira ta ce za su sa gidan a kasuwa, ko zan taimaka in kwashe abin da ke ƙasa. Hajiya ta rantse ba za ta taka wurin ba, kuma ba ta so baƙi su ga abin su yi da mijinta.

Na je wata Lahadi da hantsi, rana tana haske sosai. Ƙofar gaba ta ƙi buɗuwa sai da na sa kafaɗa. A ciki babu kujera babu labule, sai sawun kayan a kan kafet. Duk ƙofofin da ni da kaina na rufe ranar tashi, na tarar da su a buɗe, ta sito, ta bayi, ta ɗakin Hajiya. Na yi sallama da ƙarfi, ban san wa nake yi wa ba. Makullin ɗakin ƙasa ya sha murɗa kafin ya yarda.

Ruwa ne kwance a daɓen. Bai cika ɗakin ba. Ta wajen matakala a bushe yake, ta wajen bangon baya ya kai idon sawu, kuma bakinsa ya ja layi miƙaƙƙe ya ratsa ta ƙarƙashin dalar. Ba na bukatar na'ura in karanta wannan. Dalar ta rabe daga ƙoli zuwa ƙasa, ƙananan azarorin ɗakin tsakiya sun rufta kan ɗan akwatin gawar.

Na taka cikin ruwan da takalmina na je bangon. Duk shafen filastar sun fashe, babu wanda ya tsira. Na ƙirga, sai na samu goma sha uku. Na ƙarshen yana can sama, kwanan watan da ke gefensa na ranar da muka kwashe kaya ne. Na tuna a ranar Malam ya ce zai yi alwala, ya daɗe har Likita ta fara kiran sunansa a tsakar gida. Wato bayan ya ce min shi ke nan, bayan ya miƙa makullin motarsa, sai da ya saci jiki ya sauko ya sake yi wa bangon tambaya, ya san ba shi zai dawo ya ga amsar ba. Tsagar ta bi ta tsakanin shatin yatsunsa, ta buɗe har makullin gidan ya shige ciki ya yi wasa.

Ban san abin da ya sa ba, na ɗora yatsuna cikin shatin nasa. Bangon yana da sanyi da laima. Ina haka ya ce ƙas a ƙarƙashin tafina, na ji shi a ƙashin hannuna, ya sake cewa ƙas. Sai hasken da ke saukowa ta matakala ya fara tsukewa. Ƙofar sama ce take rufe kanta a hankali, ba iska ba kowa. Ni injiniya ne, na san in katakon ƙofa ya karkace dole ƙofa ta bi nauyinta, na sha bayyana wa mutane haka ina murmushi. Ƙafafuna ba su tsaya jin bayani ba. Na ranta a na kare, na bangaje ƙofar, ban tsaya ba sai cikin mota, safata sharkaf, ina ta a'uziyya.

Da numfashina ya dawo na zaro littafin daga aljihun ƙofa. Awo ne na kowace Litinin da Alhamis, kusan shekara guda, kusurwa huɗu, da ranar da aka yi ruwa da ranar da ba a yi ba, cikin rubutun nan nasa mai tsayuwa kamar a allo. Na ɗauko biro na bi shi layi-layi, abin da ladabina ya hana ni wata tara. Ban samu kuskure ko ɗaya ba. A shafin ƙarshe ya rubuta, "Injiniya, duba min layi na bakwai, a nan ina shakkar kaina." Layi na bakwai daidai yake. Na kifa kaina a sitiyari na yi kuka kamar ba namiji ba.

Masu gwajin ƙasa suka zo cikin makon suka tona, suka tabbatar gangaren yana zamewa zuwa rafi a hankali, yana jan bayan gidan, sai an kafa masa ginshiƙai a ƙarƙashi. Mantuwar Malam gaskiya ce, motsin gidan ma gaskiya ne, ni ne na ɗauka dole ɗaya ya ƙaryata ɗaya. Da na gaya wa Likita a waya sai ta ce da Hausa, wadda ban taɓa ji a bakinta ba, "Kawu, yaya za mu yi?" Na ce ni na ɓata, ni zan gaya masa.

Na same shi bayan la'asar a kujera bakin taga. Ya ɗan yi ƙiba, an yi masa aski, hannayensa tas a kan cinya. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, muka gaisa, sannan na ce, "Malam, gafara na zo nema. Gidan yana motsi. Kai ne da gaskiya, ni ne ban auna yadda ka koya min ba."

Ya yi murmushi ya ce, "Ashe kai ma an gaya maka."

Na ce, "Me, Malam?"

"A riƙa bi na da to. Na ji likitan asibiti yana gaya musu, duk abin da ya faɗa kada ku yi masa musu. Rannan da gangan na ce wa Hajiya yau Talata, alhali na ga kalanda Laraba ce, ta ce haka ne, Alhaji. Na gode, kana da kirki. Amma ba sai ka wahalar da kanka ba."

Na rantse masa da Allah. Na fiddo waya na nuna masa hotunan da na koma na ɗauka tare da masu gwajin ƙasa. Ya ce a miƙo masa tabarau. Hajiya ta kawo, ta tsaya a bakin ƙofa da gefen mayafi a baki. Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ruwan da ke kwance, dalar da ta rabe, har ya zo kan shafe na goma sha uku da makulli a cikin tsagarsa. A nan ya daɗe.

"Ka san abin da nake yi a kujerar nan tun da aka kawo ni?" ya ce, bai dube ni ba. "Duk sanda na ga wani abu ya karkace, ko na ji ƙasa ta motsa a ƙafata, sai in ce wa kaina, kai tsoho, ɗalibinka ya auna. Da farko da wuya. Wata takwas na yi ina koya, yanzu na iya. Ko sunan jikata na tuna, sai na tambaya an tabbatar min kafin in kira ta." Ya miƙo min wayar a kife. "In wannan gaskiya ne, to me nake yi a nan?"

Na karɓi wayar na sa a aljihu.

"Bar shi yadda ka faɗa da farko, Injiniya," ya ce. "Ya fi min sauƙi."

Ya cire tabaran ya naɗe, ya mayar da fuskarsa taga, ya ce wa Hajiya a zuba wa baƙo abinci. Aka kawo aka ajiye a gabana. Ina zaune a ƙasa kusa da ƙafarsa har shinkafar ta huce, bai sake juyowa ba.